Gwangwanin Suna da Gwangwanin Jana'iza

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wurin Allah muka fito, kuma Baffa ya riga mu komawa, da asubahin wata Talata a tsakiyar damina, ana yayyafin nan na Jos mai shiga har ƙashi. Yayan mahaifina ne, tsohon malamin lissafi, kuma shi ya riƙe ni tun ban iya ɗaura zane ba. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, shi ya sa har ya koma ga Allah bai taɓa kama sunana ba, sai dai ya ce Uwata.

Kafin hantsi gidanmu na Bukuru ya cika maƙil. Tsofaffin ɗalibansa suka yi ta sauka daga bas da keke, wasu da furfura fiye da tasa. Wani babban mutum mai ƙatuwar mota ya tsuguna a cikin taɓo yana kuka kamar yaro, yana cewa wannan bawan Allah ne ya hana shi gudu daga makaranta. Mai wainar bakin layinmu ta shigo cikin mata ta zube, ta ce, “Shi ke nan! Yau wa zai zo suna ya ƙi taɓa abinci sai ya ji ko ɗaya ne ko tagwaye?” Muna hawaye sai da muka yi dariya.

Shi ma amininsa Inyamuri, wanda ya daɗe yana sayar da kayan gini a layinmu kafin ya koma Anguwan Rukuba, ya iso a jiƙe sharkaf. Ya cire hula a ƙofar zaure ya ce, “Oga Ticha ya tafi? Kai! Shi ya koya ma yarinya na lissafi, bai karɓi ko ruwa ba. Yanzu yarinya na ya zama injiniya. Ku bar ni in zauna a nan.” Aka matsa masa a kan tabarma.

Ana cikin haka masu haƙar kabari suka dawo da diga a kafaɗa, ba su gama aiki ba. Suka ce duk inda suka sara a tsohuwar makabarta sai su tarar da wani a kwance. Ina leƙe ta bayan labule na ga idanu suna komawa kan mutum ɗaya, wato mahaifina, domin babu wanda bai san cewa filin da Baffa ya yi shekaru yana roƙo a mai da shi sabuwar makabarta na Baba ne, kuma Baba ya rantse ba zai bayar ba. Na'ibin liman ya gyara murya ya ce ai ba yau aka fara ba, a buɗe wani tsohon kabari a sa shi, lalura ce. Baba ya miƙe, ya ɗauki makullin tsohuwar bas ɗinsa, ya fita ya bar mutane da gawar yayansa.

Wallahi a lokacin nan na ji haushin ubana kamar in haɗiye zuciya. Amma bari in ajiye shi a kan hanya tukuna, in ba ku labarin wanda ya rasu, don kada wata rana a ce an yi wani tsoho mai ƙirgan gawa a Bukuru, a tsaya nan.

Haka ’yan unguwa suka laƙaba masa, Mai Ƙirgan Gawa, kuma da dalilinsu. A kan tagar ɗakinsa akwai gwangwanayen madara guda biyu. Duk sunan da aka yi a unguwar sai ya je, in ya dawo ya jefa farar tsakuwa a ɗaya. Duk jana'iza sai ya raka, in ya dawo ya jefa baƙar tsakuwa a ɗayan. Ba ya aike, ba ya yarda da “an ce”. Ko ana ruwan ƙanƙara zai ɗauki lemarsa mai karyayyen ƙashi ya fita. Bayan kowace ƙaramar salla sai ya zazzage gwangwanayen a kan tabarma, ya kira ni mu ware, sannan ya ɗauki alli ya nufi bangon zaure. Inna, matarsa, ta gaji da goge bangon nan har ta haƙura.

A jikin bangon nan na fara ganin layin da yau nake ci da shi. Ya rubuta:

dJ/dt = (h − m)J

Ya ce, “Uwata, a littafin Turawa wasu haruffa ne, ni na canja su don su ji Hausa. J jama'a ce, yawan mutanen unguwa a yanzu. H haihuwa, wato cikin kowane dubu nawa ake haifa a shekara. M mutuwa, cikin kowane dubu nawa ke tafiya. Wannan na hagu kuma ba yawan mutane ba ne, saurin da yawan yake canjawa ne. Kamar allurar gudu a motar ubanki, ba ta gaya miki inda kike, tana gaya miki yadda kike tafiya.”

Na ce, “To Baffa, me ya sa aka sake sa J a ƙarshe?”

Ya buga cinya don murna. Ya ce nan ne duk maganar take. Mutane su ke haifar mutane. In unguwa ta ƙaru, masu haihuwa sun ƙaru, saboda haka ƙarin na baɗi zai fi na bana ko da kowace mace ba ta ƙara ɗa ɗaya a kan na uwarta ba. Ya ja wani layi da ya fara kwance, ya ɗan ɗaga kai, sannan ya miƙe ya nufi rufin zaure har hannunsa ya kasa kaiwa. Ya ce muddin h ta fi m, haka za a yi ta ninkawa, kuma tsawon lokacin da ake ɗauka kafin a ninka ba ya canjawa. Ina ’yar sakandare a lokacin, amma na gane, kuma daɗin da na ji ranar har yau ban manta shi ba.

Ba don nishaɗi yake wannan aiki ba, sai da na girma Inna ta faɗa mini. Allah ya ba su ɗa namiji guda ɗaya, ƙyanda ta ɗauke shi yana tatata. Kowace Juma'a Baffa yakan je ya tsaya a kan ɗan kabarin ya yi addu'a. Wata Juma'a ya je ya tarar da sabuwar ƙasa a wurin, dogon kabari na babban mutum. Ya dawo gida bai ci abinci ba. Abin da ya ce wa Inna kawai shi ne, “Na je gaida ɗana na tarar da baƙo a ɗakinsa.” A satin ya nemi gwangwani biyu.

Da ya tara tsakuwar wasu shekaru sai ya tashi a masallaci bayan la'asar, ya ce wa jama'a makabarta za ta cika tun yawancinsu suna raye, a nemi fili tun yanzu. Ai kuwa aka yi masa ca. Na'ibin nan dai, yana da ƙuruciya a lokacin, ya ce wannan shisshigi ne cikin ikon Allah, wa ya san gaibu? Baffa ya ce, “Malam, ban san wanda zai mutu ba, ban san ranar ba, ƙila ma ni ne gobe. Amma na san za a mutu. Mai shago bai san wanda zai sayi sabulu ba, yana hana shi saro katan?”

Wani ɗan boko kuma ya kawo tasa. Ya ce yanzu ga asibiti, ga rigakafi, mutuwa raguwa take yi, ina dalilin tayar wa mutane da hankali? Baffa yana son irin wannan tambaya kamar me. Ya ce, “A ce mu dubu ne, ashirin ke rasuwa cikin dubu. Kabari nawa a shekara? Ashirin. To a ce mun zama dubu uku, asibiti ya yi aiki, yanzu goma ne cikin dubu. Kabari nawa?” Mutumin ya ce talatin. Baffa ya ce, “Madalla. Mutuwa ta ragu, kaburbura sun ƙaru. Ka je ka gaya wa asibitin.” Har liman sai da ya rufe baki da rawani.

Sun yi dariya, sun yarda da baki, amma fili a Jos ba ya faɗowa daga sama. Fili ɗaya ne a kusa, wanda kakanmu ya bari. Shi kakan namu haƙar kuza ce ta kawo shi tudun nan, ya sami wani yanki a bayan gari kusa da tsohon kududdufin ma'adinai. Da aka raba gado, Baffa a matsayinsa na babba ya ce ƙanensa ya zaɓa. Baba ya ɗauki gangaren, jar ƙasa mai laushi, ga hanya, ga ruwa kusa. Baffa ya tashi da tudun, fa ne zalla, ko akuya sai ta yi tunani kafin ta hau. Da maganar makabarta ta taso sai Baffa ya ce su yi musaya. Dutse ba ya haƙuwa, amma yana ɗaukar gini. A binne a ƙasa, a gina a kan fa. Mai unguwa ya amince, hukuma ta amince, saura mutum ɗaya.

Ni ’yar ɗakin Baffa ce, amma ba zan zalunci ubana ba. Direban bas ne, ya ƙare ƙuruciyarsa tsakanin Bukuru da cikin gari, yana da ’ya'ya maza sun tasa. Yayana da matarsa da yaransu a ɗaki ɗaya suke, labule ne tsakaninsu da buhunan masara. Filin nan shi ne duk abin da Baba zai nuna ya ce ga abin da na bar muku. Yana noma dankalin Turawa a ciki yana jiran ranar da zai iya sa bulo.

Na ga rigimarsu da idona, wata ranar Lahadi a tsakar gida, gaban ɗakin tattabarun Baffa. Baba ya ce, “Yaya, lissafin naka fa ni yake goyon baya. Ba kai ka ce haihuwa ta fi mutuwa ba? To masu zuwa sun fi masu tafiya buƙatar wuri. In kai jikokina kan dutse su sha me, raɓa?” Sai ya nuna tattabarun ya ce, “Kuma waɗannan, shekara nawa suna ƙyanƙyasa, sun kai rufin zauren ne?”

Baffa ya ce, “Direba, yau ka yi tambayar jami'a.” Ya tsuguna ya zana a ƙasa da tsinke. Ya ce gaskiya ne, layin ba ya tafiya sama har abada. In ɗaki ya kusa cika tattabaru sukan yi faɗa, ƙwai ya fashe, wasu su tashi su bar gidan, sai layin ya sunkuya ya kwanta. Ya ce akwai gyaran da ake yi wa lissafin saboda haka, kuma mutane ma haka suke, in wuri ya matse sukan rage, su watse, su hau bene. Sannan ya zana layi na biyu, na kaburbura, ya ce saurin ƙaruwarsu shi ne m sau J, ba a debe komai.

“Duba nan, ƙanena. A lissafin masu rai akwai shiga akwai fita. A na matattu shiga ce kawai. Ba sa ƙaura, ba sa hawa bene.”

Baba ya ce, “To ka haƙa dutsen naka.” Ya kaɗe riga ya fita. Daga ranar gaisuwarsu ta koma ta maƙwabta, ina kwana, lafiya lau, kowa ya wuce. A gida ɗaya, ƙofa na kallon ƙofa. Duk da haka in Inna ta yi dambun tattabara sai Baffa ya ce a kai wa Direba cinyoyin, kada a ce daga wurinsa ne. Baba kuma duk ranar karɓar fansho sai ka ga bas ɗinsa ta lalace a daidai ƙofar gida, ba ta tashi sai Baffa ya fito ya shiga. Su tafi su dawo ba mai ce wa wani ci kanka. Taurin kai dai a jininmu yake, ni ma ban tsira ba.

Abin da ya fi sa ni alfahari da shi kuwa kuskurensa ne. Ya faɗa wa mutane lokacin da makabarta za ta cika, sai ga shi tana cika tun da sauran shekaru masu yawa. Dalili kuwa, lokacin da gari ya rikice mutane suka yi ta komawa inda nasu suke. Amininsa ya kwashe ya koma Anguwan Rukuba, mu kuma motoci suka yi ta sauke mana katifu da tukwane na waɗanda suka baro wasu unguwanni. Baffa ya tsaya a ƙofa yana kallo, ya ce, “Uwata, waɗannan ba a haife su a gwangwanina ba, amma a nan za a binne su.” Ya shiga zaure ya ƙara harafi ɗaya a ƙarshen layin, ƙ, wato ƙaura, masu shigowa a debe masu fita. Ran Juma'a ya tashi a gaban mutanen da suka yi masa dariya ya ce, “Jama'a, lissafina ya yi kuskure, na manta mutum yana da ƙafa. Abin ya fi yadda na gaya muku kusa.” Ban taɓa ganin wanda ya faɗi kuskurensa da fara'a irin haka ba.

Kuma a kwanakin nan da kowa ke tsoron tsallaka unguwar wani, shi kowace Asabar yakan hau mota har Tina Junction, ya ƙarasa da ƙafa gidan amininsa, don ’yar gidan tana shirin jarrabawa kuma ba a gama darasi ba. Inna ta yi faɗa, ta ɓoye takalmansa, ya fita da silifas ɗin banɗaki. Ya ce shi bai ga inda aka rubuta cewa lissafi yana da unguwa ba.

Ciwon nasa bai daɗe ba. Ana saura kwanaki kaɗan ya ce in kawo masa gwangwanayen, ya girgiza na baƙar tsakuwa kusa da kunnensa, ya yi murmushi ya ce, “Saura tawa.” Na ce Baffa don Allah ka bari. Ya ce, “Uwata, kina malamar lissafi kina tsoron m? Da ba ta cikin layin, da ba inda jaririnki zai kwanta.” Ga Inna kuma ya bar wasiyya guda, kada a ɗora shi a kan ɗan wani.

Wannan wasiyya ce Inna ta riƙe hannuna tana maimaitawa a safiyar nan, bayan Baba ya ja mota ya tafi. An yi wa Baffa wanka, an sa shi a likkafani, makara na jingine a zaure, ba a san inda za a nufa da ita ba. Na'ibi yana duba agogo. Na kira yayana gefe na ce, “Ka bi ubanka. In gudu ya yi, ka ce masa ni na ce ya dawo ya kalli idon Inna.” Ya hau babur ya bi shi.

Mu mata ba ma zuwa makabarta, saboda haka sauran labarin daga bakin yayana na ji. Ya ce tun daga nesa ya hango bas ɗin a bakin filin, ƙofa a buɗe. Baba yana tsakiyar gonar a cikin ruwa, ya tuɓe babbar riga, yana tuge dankalin da bai gama nuna ba da hannunsa yana jifa gefe. Ya riga ya share wuri ya daidaita shi da alƙibla, ya ɗauko diga daga bayan mota. Tsoho mai ciwon baya, yana sara yana haki. Da ya ga yayana sai ya tsaya ya ce, “Nan ne na ce zan gina maka ɗaki. Ka yafe mini.” Yayana ya karɓi digar daga hannunsa ya ci gaba da sara.

Bayan azahar aka sallaci Baffa. Sahu ya cika layinmu ya fita titi, har masu bas suka kashe mota suka shiga. Makara ba ta taɓa mota ba, a kafaɗa aka kai shi, ɗalibi na miƙa wa ɗalibi. Amininsa ya bi su har bakin filin ya tsaya da hularsa a hannu. Na'ibin da ya ce masa mai shisshigi shi ya shiga kabarin ya karɓe shi. Yayana ya ce da suka gama haƙa ƙasar ja ce wur har ƙasa, babu kowa a ciki, sai ’yan ƙananan dankali.

Yau ina koyar da layin nan a aji, da haruffansa na Hausa, kuma duk shekara sai na gaya wa ɗalibai cewa na san mutumin da ya sama wa unguwa guda makwanci da shi. Yayana ya fara gini a kan tudun, masu fasa dutse suna ta tsine wa fa ɗin, ruwa kuma da jarka ake hawa da shi. Ba mai cewa abin da sauƙi. Allah ya jiƙan Baffa, ya yalwata masa fiye da yadda ya nema wa mutane yalwa, ya haɗa shi da ɗansa inda ba a matsa wa kowa.

Da la'asar ɗin ranar Baba ya dawo, jar laka har gwiwa. Bai tsaya wurin masu gaisuwa ba, ya wuce kai tsaye ɗakin Baffa, ɗakin da ya yi shekaru bai taka ba. Na bi shi da ruwa a kofi, ina jin kunyar saƙon da na aika. Ya tsaya gaban tagar yana kallon gwangwanayen. Ya sa hannu a aljihu ya fito da wata ’yar baƙar tsakuwa, da sauran ƙasar kabarin a jikinta, ya miƙo mini.

“Wanne ne na masu tafiya?”

Na nuna masa. Ya ce, “Ke za ki sa, ke ya koya wa.” Na jefa, ta yi ƙara a kan ’yan'uwanta.

Ya juya zai fita, sai ya tsaya a bakin ƙofa bai waiwayo ba. Ya ce, “Na auna da ƙafata, akwai wurin mutum ɗaya a damansa. In kin zo yin lissafin filin, ki debe wannan. Na Direba ne.”